Walter Pitts (1923–1969): Yaron da Ya Nemi Manɗiƙi a Cikin Ƙwaƙwalwa

Ɗalibin da ya zauna ajin tsara haɗe-haɗen lantarki, da wanda ya zauna ajin sarrafa harshe da na'ura mai ƙwaƙwalwa, duk sukan ci karo da zane iri ɗaya: ƴan da'irori a kan allo, da kibiyoyi masu tashi daga wannan zuwa waccan. Kowace da'ira tana wakiltar matsayi guda, kowace kibiya kuma tana nuna inda za a koma idan alama kaza ta shigo. Wannan zane shi ne hoton na'ura mai ƙayyadaddun matsayai, wadda littattafan Faransanci ke kira automate fini. Injiniya yakan san ta da sunayen Mealy da Moore, masanin harshe kuwa ta hanyar Kleene da Chomsky. Amma tushenta yana cikin wata maƙala ta shekarar 1943 wadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta sa gaba. Ɗaya daga cikin marubutanta biyu, Walter Pitts, shekararsa ashirin a lokacin, bai gama makarantar sakandare ba, kuma a gidan abokin rubutunsa yake kwana don ba shi da nasa.

Ƙuruciya a Detroit

An haifi Walter Harry Pitts ranar 23 ga watan Afrilu na shekarar 1923 a Detroit, birnin ƙera motoci na jihar Mishigan a Amurka. Mahaifinsa maƙerin manyan tukwanen tururi ne na masana'antu, mutum mai saurin hannu, wanda burinsa bai wuce yaron ya bar makaranta ya kama aiki ba. Yaron yana ɗan shekara shida tattalin arzikin Amurka ya karye, Detroit kuwa tana cikin biranen da abin ya fi yi wa illa. Da gida ya yi masa zafi, unguwa ma ta yi, sai Walter ya mai da ɗakin karatu na jama'a mafaka. A can ya koya wa kansa lissafi da manɗiƙi da Helenanci da Latin, ba tare da malami ba.

Abokinsa na tsawon rai, Jerome Lettvin, shi ya ba da labarin abin da ya faru a shekarar 1935. Wasu yara suka biyo Walter za su buge shi, ya gudu ya ɓuya a ɗakin karatu, aka rufe ƙofa da shi a ciki. A kan kanta ya tarar da Principia Mathematica, littafi mai juzu'i uku da Bertrand Russell da Alfred North Whitehead suka fitar tsakanin 1910 da 1913. Manufar littafin ita ce a gina lissafi gaba ɗayansa a kan manɗiƙi, wato a kan maganganun da ke iya zama gaskiya ko ƙarya, da ƴan ƙananan kalmomin da ke haɗa su, irin su da, da ko, da ba. Yaron ya kwashe kwana uku yana karatu, sannan ya rubuta wa Russell wasiƙa yana nuna masa wuraren da yake ganin akwai tuntuɓe a juzu'i na farko. Russell ya amsa, har ya gayyace shi ya zo Kambirij ta Ingila ya yi karatu a gabansa. Mai wasiƙar kuwa shekararsa goma sha biyu, saboda haka ba ta yiwu ba.

Shikago: jami'a ba rajista

A shekarar 1938 Russell ya zo koyarwa a Jami'ar Shikago. Walter, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya bar gida ya nufi can, kuma daga nan bai sake komawa ga iyayensa ba. Bai yi rajista ba, shiga aji kawai yake yi ya zauna, ya kwana inda dare ya yi masa. A ajin Russell ya haɗu da Lettvin, wanda ke shirin karatun likita.

A Shikago akwai Rudolf Carnap, masanin falsafa daga Jamus, wanda ya rubuta littafi kan ginin jumla na manɗiƙi a harshe. An buga shi da Jamusanci a 1934, fassarar Ingilishi ta fito a 1937. Wata rana yaron ya shiga ofishin Carnap riƙe da littafin, ya cika gefen shafuka da gyare-gyare, ya yi masa bayani, ya fita ba tare da ya faɗi sunansa ba. Carnap ya yi watanni yana nemansa, da ya same shi ya nemo masa ɗan ƙaramin aiki a jami'a, ya kuma karantar da shi. Wannan ya dace ɗalibin kimiyyar harshe ya lura da shi: alamomin da Pitts ya yi amfani da su daga baya wajen siffanta jijiyoyi, daga littafin nahawun manɗiƙi ya ɗauko su.

Ya kuma shiga zauren Nicolas Rashevsky, wanda ke ƙoƙarin bayyana al'amuran halittu masu rai da lissafi, kuma ya kafa mujalla domin haka a 1939. A cikinta Pitts ya fara buga maƙalu kan haɗin ƙwayoyin jijiya tun a 1942.

Gidan McCulloch

Warren McCulloch, wanda aka haifa a 1898, likitan ƙwaƙwalwa ne da ya karanci falsafa, ya fito daga gidan wadata da ilimi. Ya baro Jami'ar Yale ya dawo Shikago a 1941. Shekaru da dama yana ɗauke da wani tunani. Masana sun riga sun gano cewa ƙwayar jijiya ko dai ta harba saƙo ko ta yi shiru, babu tsaka-tsaki. McCulloch ya ga wannan ya yi kama da magana a manɗiƙi, wadda ko gaskiya ce ko ƙarya. Idan haka ne, ragar jijiyoyi tana iya zama tamkar jerin hujjoji, kowace ƙwaya tana ɗaukar abin da na bayanta suka tabbatar tana miƙa sakamako gaba. Abin da ya cije masa shi ne zobe. A ƙwaƙwalwa akwai hanyoyin da saƙo ke bi ya zagayo inda ya fito, kuma a manɗiƙi maganar da ta zama hujjar kanta takan jawo rikici. Ba shi da lissafin da zai warware wannan ƙulli.

Lettvin ne ya haɗa su. A farkon 1942 McCulloch ya ɗauko samarin biyu ya sauke su a gidansa tare da iyalinsa. Da dare, bayan yara sun kwanta, dattijon da saurayin sukan zauna aiki. Dukansu biyu masoyan Leibniz ne, masanin ƙarni na 17 da ya yi mafarkin mayar da tunani ya zama ƙidaya, kuma sun san maƙalar Alan Turing ta 1936 kan na'urar da ke iya yin kowane lissafi da ke da ƙa'ida.

Maƙalar 1943

Sakamakon ya fito a mujallar Rashevsky a shekarar 1943, a juzu'i na biyar, da take mai ma'anar lissafin manɗiƙi na ra'ayoyin da ke ƙunshe cikin aikin jijiyoyi. Littattafai uku kaɗai ta ambata, kuma babu na likitanci a ciki: na Carnap, da na Hilbert da Ackermann, da Principia.

Sun sauƙaƙa ƙwayar jijiya iyakar sauƙaƙawa. Lokaci yana tafiya daki-daki, tamkar bugun agogo. A kowane bugu, ƙwaya ko tana harbawa ko tana shiru. Kowace ƙwaya tana da haddi: idan adadin saƙonnin zuga da suka iso mata a bugun da ya wuce ya kai haddin, sai ta harba. Idan kuwa saƙon hani ko da guda ya iso, ba za ta harba ba. Daga nan komai ya biyo. Ƙwaya mai hanyoyin shiga biyu da haddi biyu ba ta harbawa sai duka biyun sun zo, wato tana aikin kalmar da. Idan haddinta ɗaya ne, kowanne ya zo ya isa, wato aikin ko. Saƙon hani kuma shi ne ba. Da waɗannan uku ana iya gina kowace magana ta manɗiƙin jumloli.

Sun kawo misali daga jikin mutum. Idan aka ɗora abu mai sanyi a fata aka ɗauke nan take, mutum yakan ji kamar zafi, idan kuwa aka bar shi ya ɗan jima sai ya ji sanyi. Suka zana ƴar raga da ke haifar da wannan ruɗu. Darasin da ke ciki shi ne, amsar raga ta dogara da abin da ya shigo yanzu da kuma abin da ya gabace shi.

Sai batun zobe, wanda a nan ne hannun Pitts ya fi bayyana. Tunda kowane saƙo yana cin bugu guda kafin ya isa, maganar da ta zagayo ba ta zama hujjar kanta ba, domin ta yanzu tana dogara ne da ta ɗazu. Rikicin ya kau. Bayan haka, saƙon da ya shiga zobe yana iya yin ta zagaye ba iyaka, ya zama shaidar cewa wani abu ya taɓa faruwa, ko da ba a san yaushe ba. Zoben da ya hana McCulloch barci ashe shi ne tunawa.

Masana jijiyoyi ba su kula da maƙalar sosai ba, don alamominta suna da wuyar karatu. Wasu mutane dabam ne suka ɗauke ta.

Daga jijiya zuwa waya

Claude Shannon ya riga ya nuna a kundinsa na 1937 cewa aljabarar George Boole tana siffanta makunnan lantarki na kamfanin tarho. Abin da maƙalar 1943 ta ƙara shi ne lokaci da tunawa. A ranar 30 ga watan Yuni na 1945 aka rarraba rahoton John von Neumann kan tsarin na'urar EDVAC, wanda ya zama ginshiƙin fasalin kwamfuta ta zamani. Maimakon ya zana kwalaben lantarki da wayoyi, von Neumann ya siffanta sassan na'urar da ƙwayoyin McCulloch da Pitts, kuma maƙalarsu ce kaɗai ya ambata a rahoton.

Sai Stephen Kleene, masanin manɗiƙi na Jami'ar Wiskonsin. A 1951 ya zauna ya tambayi abin da irin wannan raga ke iya ganewa da abin da ba ta iyawa. Ya iske sashen zobe na maƙalar yana da duhu, saboda haka ya sake gina shi daga tushe. Ya lura cewa raga mai ƙwayoyi goma ba za ta iya kasancewa cikin yanayi fiye da 1024 ba, wato biyu sau biyu har sau goma, tunda kowace ƙwaya ko tana kunne ko tana kashe. Kowane yanayi matsayi ne, kuma duk abin da ragar ta sani game da tarihinta bai wuce matsayin da take ciki ba. Ya tabbatar da cewa jerin alamomin da irin wannan na'ura ke iya ganewa su ne daidai waɗanda ake ginawa da ayyuka uku: jerawa, da zaɓi, da maimaitawa ko sau nawa. An buga aikin a 1956 cikin wani kundi kan na'urori masu sarrafa kansu da Shannon da John McCarthy suka tace.

A waɗannan shekaru injiniyoyi suka mai da abin sana'a. David Huffman a 1954, da George Mealy a 1955, da Edward Moore a 1956 suka shimfiɗa hanyar da har yau ake koyarwa. A tsarin Moore, abin da na'ura ke fitarwa ya dogara da matsayinta kaɗai, kamar fitilar ba da hannu ta mahaɗar titi, wadda ke nuna ja ko tsanwa gwargwadon zangon da take. A tsarin Mealy kuwa ya dogara da matsayi tare da alamar da ta shigo a lokacin.

Gaɓar Hausa ta isa misalin yadda ake aikin. Sananne ne cewa gaɓoɓin Hausa iri uku ne: baƙi da wasali, ko baƙi da wasali biyu, ko baƙi da wasali da baƙi. Ana maganar sauti ne, saboda haka sh da ts da gw kowanne baƙi ɗaya ne, dogon wasali da tagwan wasali gurbi biyu suke ci, kalmar da ta fara da wasali a rubuce kuma da hamza take farawa a baki. Na'urar da za ta tantance kalma tana farawa a matsayi na ɗaya, inda baƙi kaɗai take karɓa. Baƙin ya kai ta matsayi na biyu, inda dole wasali ya biyo. Wasalin ya kai ta na uku. Daga na uku, wani wasali yana kai ta na huɗu, baƙi kuwa yana kai ta na biyar. Daga na huɗu baƙi kaɗai ke halatta, shi kuma yana mai da ita na biyu, tunda sabuwar gaɓa ce ta fara. A na biyar, na'ura ba ta san ko baƙin da ta gani rufin gaɓa ne ko mabuɗin ta gaba ba, sai alama ta gaba ta raba gardama: wasali ya mai da ita na uku, baƙi ya mai da ita na biyu. Duk abin da ya saɓa wa wannan yana jefa ta matsayi na shida, na ƙi, wanda ba a fita daga cikinsa. Idan kalma ta ƙare tana na uku ko na huɗu ko na biyar, ta karɓu.

Kalmar makaranta tana bi ta na biyu, na uku, na biyar, na uku, na biyar, na uku, na biyar, na biyu, ta tsaya a na uku. Kalmar da ta fara da baƙaƙe biyu kuwa tana faɗawa na shida tun a sauti na biyu, shi ya sa bakin Bahaushe ya cusa wasali ya ce Faransa da burodi. Injiniya zai ɗauki wannan zane ya mai da shi jadawali, ya duba ko akwai matsayai biyu masu hali ɗaya ya haɗe su, ya ba kowanne lamba da 0 da 1. Matsayai shida suna buƙatar ƴan ma'ajiya uku masu riƙe 0 ko 1, tunda uku suna ba da haɗi takwas. Sannan ya ɗaura ƙofofin da, da ko, da ba, waɗanda ke lissafa matsayi na gaba a kowane bugun agogo. Kowace ma'ajiya a cikinta zobe ne, irin wanda Pitts ya warware.

Shekarun ɗaukaka

A 1943 Lettvin ya kai Pitts wurin Norbert Wiener a Cibiyar Fasaha ta Masacuset, wato MIT, a garin Kambirij na Amurka. Wiener, wanda shi ma ya yi karatu a gaban Russell, ya tashi yana warware wata hujja a kan allo, saurayin ya riƙa jefa masa tambayoyi da gyara. Kafin su rabu Wiener ya yanke shawarar ɗaukarsa ɗalibin dakta, ko da yake ba shi da takardun da ake nema. Shaidar karatu ɗaya tak da Pitts ya taɓa riƙewa ita ce ƙaramar shaida ta shekara biyu da Jami'ar Shikago ta ba shi saboda maƙalar 1943. A lokacin yaƙin duniya ya yi aiki na ɗan lokaci a kamfanin Kellex a New York, wanda ke cikin shirin ƙera bam na nukiliya.

Daga 1946 ya zama ɗan gida a tarurrukan Gidauniyar Macy, inda masana lissafi da jijiyoyi da halayyar al'umma ke tattauna abin da Wiener ya raɗa wa suna sibanetik a littafinsa na 1948. A 1947 shi da McCulloch suka fitar da maƙala ta biyu, kan yadda ƙwaƙwalwa ke gane siffa ɗaya ko da girmanta ya sauya, da waƙa ɗaya ko da an ɗaga murya. McCulloch ya taɓa rubuta wa Carnap yana ba shi labarin faɗin sanin tsohon ɗalibinsa, daga sinadaran rini zuwa tsirrai da tsuntsaye, ga harsuna da dama da yake karantawa a asalinsu. A 1954 mujallar Fortune ta sa shi cikin fitattun matasan masana kimiyya na Amurka. Kundin da yake rubutawa ya shafi ragar jijiyoyi mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda haɗinta ba a tsare yake ba, yana amfani da lissafin yiwuwa domin nuna yadda tsari ke fitowa daga hargitsi.

Ɓaraka

A 1952 McCulloch ya bar kujerarsa ta farfesa a Shikago ya koma MIT, domin ya haɗu da Pitts da Lettvin da Patrick Wall a ɗakin binciken lantarki na cibiyar, kusa da Wiener. A daidai lokacin da aka ga kamar komai ya kammala, Wiener ya yanke hulɗa da su baki ɗaya, bai kuma faɗa musu dalili ba. Marubutan tarihinsa sun danganta abin da wani zargi da aka kai masa daga cikin gidansa game da McCulloch da samarinsa. Sauran sun jure. Pitts kuwa, wanda ya bar mahaifi a Detroit ya sami madadinsa a wurin Wiener, bai farfaɗo ba. Ya fara shan giya fiye da kima, ya riƙa janye jiki daga mutane. MIT ta nemi hanyoyin ba shi digirin dakta cikin sauƙi, ya ƙi sa hannu a takardun.

Iyaka biyu a ɗaki ɗaya

Cikin shekaru uku, a wannan ɗakin bincike, aka gano iyakar tunanin 1943 ta fuska biyu.

Ta farko daga harshe ta zo. Noam Chomsky ya shiga MIT a 1955, kuma a maƙalarsa ta 1956 kan samfura uku na siffanta harshe, da littafinsa na 1957 kan tsarin ginin jumla, ya nuna cewa na'ura mai ƙayyadaddun matsayai ba ta isa ta ɗauki nahawun harshen ɗan Adam ba. Dalilin yana bayyana a jumla irin wannan: akuyar da yaron da malam ya aika ya saya ta ɓace. Sunaye uku sun jeru, akuya da yaro da malam, sannan aikatau uku sun biyo a juye, na malam da na yaro da na akuya. Mai sauraro dole ya riƙe kowane suna har aikatau nasa ya iso. Tunda nahawu bai sa iyaka ga yawan cusa jumla cikin jumla ba, adadin abin da za a riƙe ba shi da iyaka, na'urar da matsayanta ƙidayayyu ne kuwa dole wata rana lissafi ya kuɓuce mata. A jerin nau'o'in nahawu da aka san Chomsky da shi, wannan na'ura ta zauna a matakin ƙasa.

Ta biyu daga kwaɗo ta zo, kuma da hannun Pitts a ciki. Lettvin da Humberto Maturana, ɗan ƙasar Cile, suka sa siraran wayoyi a jijiyar ganin kwaɗo, suka kifa masa rabin ƙwarya ta alminiyam a gaban ido, suna motsa ƙananan abubuwa a cikinta da maganaɗisu. An zaci ido yana aika hoto ɗigo-ɗigo, ƙwaƙwalwa ta yi masa hisabi da manɗiƙi. Sai aka tarar idon da kansa yana tace abin da ya gani kafin ya aika. Wasu zaruruwa suna amsa wa iyakar haske da duhu, wasu gefen abu mai motsi, wasu dusashewar haske, wasu kuma ƙaramin abu baƙi mai lanƙwasa da ke motsi, wato kamannin ƙwaro. Yawancin wannan aiki ta hanyar ƙaruwa da raguwa a hankali yake gudana, ba ta kunnawa da kashewa ba. Maƙalar ta fito a 1959 da sunayen Lettvin da Maturana da McCulloch da Pitts, ta kuma zama ɗaya daga cikin mashahuran maƙalun ilimin jijiyoyi. Lettvin ya ba da labarin cewa sakamakon ya karya wa abokinsa gwiwa, domin ya nuna masa manɗiƙi ba shi da sarautar da ya zata a ƙwaƙwalwa. A cikin waɗannan shekaru Pitts ya ƙone kundinsa da takardun bincikensa na shekaru.

Ƙarshe

Bai daina aiki gaba ɗaya ba. Sunansa ya fito a 1965 tare da na Lettvin da Robert Gesteland a wani bincike kan yadda hancin kwaɗo ke jin ƙamshi. Amma ya riƙa sauya masauki yana ɓuya daga abokansa, su kuma suna bin mashaya da dare suna nemansa. Hantarsa ta lalace. Ya mutu shi kaɗai a ɗakin haya a Kambirij ranar 14 ga watan Mayu na 1969, sakamakon fashewar jijiyoyin jini na maƙoshi, yana da shekara 46. McCulloch, wanda shi ma yake jinya, ya bi shi ranar 24 ga watan Satumba na wannan shekara.

Abin da ya biyo baya

Hukuncin Chomsky ya sa masana harshe da yawa suka juya wa na'urar baya na ɗan lokaci, amma hukuncin ginin jumla ya shafa. A 1972 C. Douglas Johnson ya nuna cewa ƙa'idojin tsarin sauti, yadda ake aiki da su a zahiri, ba su fi ƙarfin na'ura mai ƙayyadaddun matsayai ba. Ronald Kaplan da Martin Kay suka sake gano haka a cibiyar binciken Xerox, Kimmo Koskenniemi kuma ya gina tsarin ƙirar kalma mai hawa biyu a Helsinki a 1983, ya gwada shi a kan harshen Finlan mai tarin ɗafe-ɗafe. Daga nan aka samu manhajojin tantance ƙirar kalma na harsuna masu yawa.

Hausa tana nuna ƙarfin wannan hanya da iyakarta a lokaci guda. Jam'i irin na taga da tagogi, ƙofa da ƙofofi, hanya da hanyoyi yana maimaita baƙin ƙarshe na saiwa. Tunda baƙaƙen harshe ƙidayayyu ne, ana ware wa kowanne matsayi, na'ura ta tuna wanda ta gani. Sauyawar t zuwa c gaban wasalin i, kamar a mota da motoci, ita ma ƴan matsayai kaɗan take ci. Cikakken ninki kuwa, irin na tafiye-tafiye da gine-gine, yana buƙatar a riƙe kalma sukutum komai tsawonta, wannan kuma ya fi ƙarfin na'urar, sai dai a yi mata dabara ta musamman ko a ƙayyade tsawon kalmomin. Mai son gina wa Hausa manhajar gyaran rubutu ko ta rarrabe kalmomi dole ya san inda wannan layi ya ratsa.

Ƙwayar jijiyar 1943 ita ma ba ta mutu ba. Frank Rosenblatt ya ɗauke ta a 1958 ya sa wa hanyoyin shigarta nauyi mai sauyawa domin ta iya koyo, kuma daga wannan zuriya ragogin da ke fassara da gane magana a yau suka fito. Sun bar kunnawa da kashewa sun koma ƙaruwa da raguwa, kusa da abin da idon kwaɗo ya nuna, suna kuma fitar da tsari daga haɗin da aka fara shi a hargitse, wanda shi ne batun kundin da aka ƙone. Abin da ya rage na rubutun Walter Pitts ƴan maƙalu ne da wasiƙun da ya aika wa McCulloch.